Baƙo a Ƙofar Kulob

Jawabin da aka yi wa ɗalibai 'yan ƙasar Gumel a taron sallamar masu tafiya ƙarin ilmi ƙasashen waje



Muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu damar tofa albarkacin bakinmu a wannan zama. Waɗanda suka riga mu magana sun yi wa masu tafiya nasiha a kan karatu da riƙon addini da tsimin kuɗi, ba su kuwa bar mana abin ƙarawa ba. Saboda haka mu muka zaɓi wani abu ƙarami a ido, watau sha'anin kulob, gidan nan na hira da wasanni wanda ba a shigarsa sai da kati. Duk wanda ya zauna baƙunci a wata ƙasa, ko ba daɗe ko ba jima zai wuce ta bakin irin wannan gida, ya ji hayaniyar mutane a ciki, ya tambayi kansa ko ya nemi shiga ko ya yi gaba abinsa. Amsar da ya ba kansa tana da hannu a kan irin guzurin da zai komo da shi. Wani yakan komo da sanin ƙasar da mutanenta, wani kuwa da takardar shaida kaɗai.

Kulob ɗin Turawa a ƙasarmu

Kafin mu yi maganar namu baƙuncin, ya kamata mu dubi yadda baƙin da suka zo mana suka yi nasu. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, a shekarar nan kuma Gumel ta shiga hannunsu ba tare da yaƙi ba, Haɗeja kuwa sai da aka gwabza a 1906. Mutanen da suka zo riƙon wannan ƙasa mai faɗi ba su da yawa, galibinsu samari ne, nesa da iyayensu, ga zafi, ga zazzaɓi, ga kewa. Duk inda suka taru suka kai goma ko ashirin, sai su gina kulob. Haka suka yi a Alƙahira, inda aka kafa kulob ɗin Jazira a 1882 domin hafsoshin sojansu, haka suka yi a Nairobi da kulob ɗin Muthaiga a 1913, haka kuma suka yi a Kano da Zariya da Kaduna da Jos.

Ƙasar Gumel ba ta taɓa tara Turawa masu yawa ba. Amma Di'o da ya yi makonni yana rangadin haraji a ƙauyukanmu, ko wakilin kamfani da ke auna gyaɗa a tashoshin layin dogon da ya ratsa ta Gagarawa ya isa Nguru a 1930, idan ya sami hutu Kano yake dosa, a Kano kuwa kulob. A can ne zai sami jaridun Landan ko da sun kwana biyu a hanya, ya buga tanis ko golf, ya sha abin da yake sha, ya ji wanda aka ƙara wa girma da wanda aka mayar gida. Ba a biyan kuɗi hannu da hannu, sa hannu ake yi a 'yar takarda, a tara sai ƙarshen wata. Wanda bashi ya yi wa katutu sai a liƙa sunansa a allon sanarwa, abin kunyar da kan iya tsayar da ci gaban mutum a aikinsa.

Ba laifi ba ne baƙo ya nemi inuwa a cikin 'yan'uwansa. Abin dubawa shi ne inda aka gina wannan inuwa da wanda aka hana shigarta. Dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 ta keɓe wa Turawa unguwa tasu, aka kuma bar fili na yadi 440 tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa, wanda ba a yin gini a cikinsa, wai domin gudun sauro da gobara. A tsakiyar wannan keɓaɓɓen wuri kulob yake. Bahaushe yana shiga, amma da farar riga da faranti a hannu, ko da jakar sandunan golf a kafaɗa. Ko Kwarori 'yan Labanan, da suke farare kuma masu dukiya, Turawan mulki ba su ɗauke su tsararsu ba, su ma daga baya suka kafa nasu kulob a Kano. George Orwell, wanda ya yi aikin ɗan sanda a ƙasar Bama, ya gina littafinsa Burmese Days na 1934 a kan wannan matsala: an umarci kulob ɗin wani ƙaramin gari ya karɓi ɗan ƙasa guda ɗaya tak, sai gari ya rikice.

Katangar ta fara tsagewa ne daga Ikko. A 1943 wasu 'yan boko da 'yan kasuwa suka kafa kulob ɗin Island, inda launin fata ba ya hana mutum shiga. A 1947 kuma otel ɗin Bristol ya hana Ivor Cummings masauki saboda baƙar fata ne, alhali kuwa babban ma'aikaci ne da ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka ya turo daga Landan. Ƙurar da ta tashi ita ta sa Gwamna Richards ya hana wariya a otel-otel da asibitoci. Kulob-kulob, da yake na masu su ne, sun ɗan ja ƙafa, amma da mulkin kai ya ƙarato su ma suka buɗe. Kulob ɗin Kano yana nan a Bompai, 'yan ƙasa ne kuma ke tafiyar da shi. Kada kuma mu ɗauka wannan hali ya mutu tare da mulkin mallaka. Shahararren kulob ɗin golf na Augusta a Amurka bai karɓi baƙar fata ba sai a 1990, mata kuwa sai a 2012.

Wa ya yi hasara a wannan tsari? Mu mun yi, wannan a fili yake. Amma Baturen kulob shi ma ya yi. Akwai waɗanda suka shekara ashirin a Arewa, suka ci jarrabawar Hausa domin ƙarin albashi, suka koma gida ba su taɓa zama a zauren wani malami ba, ba su san Bahaushe ba sai kuku da boyi da masinja. Waɗanda ake tunawa da su a yau, irin su Hans Vischer da Hausawa suka yi wa laƙabi Ɗan Hausa, su ne waɗanda suka tsallaka filin nan na yadi 440.

Inda aka tsallaka katanga

Akwai wurin da katangar ba ta yi aiki sosai ba, shi ne filin wasa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya ziyarci Ingila a 1921 a kan hanyarsa ta zuwa aikin Hajji, ya rungumi ƙwallon dawaki, ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koya. Ba a daɗe ba Katsinawa suka soma cin Turawan da suka kawo wasan. Ɗansa Usman Nagoggo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya zama gwanin da ake kwatance da shi, jikansa Janar Hassan Usman Katsina kuma ya ɗora. Haka nan wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda ya samo asali daga makarantar Eton: wani malami Bature ya kawo shi Arewa, 'yan Kwalejin Katsina suka karɓe shi, Sardauna Ahmadu Bello ya ƙware a kansa tun yana ɗalibi, har yau kuwa ana buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi.

Me ya sa fili ya buɗe alhali zauren hira yana rufe? Dalili na farko, wasa yana bukatar abokin karawa, kuma a kan doki ba a tambayar mutum asalinsa, hannunsa ake kallo. Dalili na biyu, Katsinawa ba su je hannu rabbana ba. Sun je da dawakinsu da hawan da suka gada tun kafin Bature ya zo, saboda haka ba alfarma aka yi musu ba, bukatarsu aka yi. Mu 'yan ƙasar Lautai da muka tashi muna kallon hawan salla mun san cewa mahayin kirki ba ya bukatar mai gabatar da shi.

Wannan shi ne jigon maganarmu ga masu tafiya. Kulob yana da ƙofa biyu, ta fili da ta zauren shaye-shaye. Baƙon da ya shiga ta ƙofar fili, da wani abu da ya iya ko yake son koyo, zai sami abokai da mutunci. Wanda ya shiga ta ɗaya ƙofar domin a ce shi ma ya waye, zai ƙarar da kuɗinsa, ya kuma zauna a gefe ana yi masa murmushin da ba ya kai zuci.

Fatoma da zango

Kada wani ya tsorata da ƙa'idodin shiga, domin mun san irinsu a gida. A tsarin da aka gada daga Ingila, mai neman shiga ba ya kai kansa. Sai wani ɗan kulob ya gabatar da shi, wani na biyu ya goyi baya, a liƙa sunansa a allo na 'yan makonni domin mai ƙorafi ya yi magana, kwamiti ya gana da shi, sa'an nan a jefa ƙuri'a. A dā da 'yan ƙananan ƙwallaye ake yi, fari da baƙi, a jefa cikin akwati a asirce, baƙi ɗaya ko biyu sun isa su mayar da mutum.

To, wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ga wannan da idonsa. Buzu ko Bafillace da ya koro raƙuma da shanu daga ƙasar Damagaram ba ya faɗa wa kara haka kawai. Wurin fatomansa yake sauka. Fatoma ne zai ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayi dabba bashi, ya kuma amsa tambaya idan aka ce dabbar ta sata ce. Sunan fatoma shi ne jarinsa, in baƙonsa ya ci amana shi aka ɓata. Mai gabatar da kai a kulob fatomanka ne. Ya ɗora sunansa a kan naka, duk abin da ka yi a ciki shi za a duba, bayan shi kuma duk wani ɗan Nijeriya da zai nemi shiga a bayanka.

Hausawa sun daɗe suna baƙunci, sun kuma ƙirƙiro tasu dabarar, watau zango. Unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, a kan wannan tsari ta tsaya: masu gida suna saukar da fataken shanu daga Arewa, suna tura goro daga Kudu, ga Sarkin Hausawa, ga liman, ga mai tuwo. Abner Cohen ya yi nazarin wannan unguwa a littafinsa na 1969, ya nuna yadda amana da bashi suke tafiya a tsakanin mutanen da yarensu da addininsu ɗaya. Haka abin yake a zangon Kumasi, haka a Mai Wurno ta Sudan. Ɗaliban Afirka ta Yamma ma da suka sha wuyar samun ɗakin haya a Landan, sai Ladipo Solanke da abokansa suka kafa ƙungiyarsu a 1925, suka buɗe masauki nasu a 1933.

Zango rahama ne ga sabon zuwa. Shi ne ke tarbarka a tasha, shi ne ke sanar da gida in ka kwanta ciwo, shi ne ke yi maka sutura in ta Allah ta kasance. Duk wanda ya isa wata ƙasa ya nemi 'yan'uwansa tun a makon farko. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: ɗalibin da ya shekara biyar a Sin ko Misira ko Malesiya, daga aji sai ɗakin 'yan gida, ana dafa shinkafa da wake ana hirar siyasar Dutse, ya gina wa kansa irin kulob ɗin Bompai na dā, sai dai babu filin golf. Kuma katangar zango ba ta tsare mutum ranar tsanani. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, Hausawa da Yarbawa masu yawa suka bar gidaje da rumfunan da suka shekara suna ginawa. A irin wannan rana, aboki ɗan ƙasa da zai riƙe maka mabuɗin gida ya fi tarin 'yan'uwa da ke cikin mota ɗaya da kai.

Malam Aminu Kano ya je Landan karatu a 1946. Bai tsaya ga 'yan Arewa kaɗai ba, ya shiga tarurruka, ya yi cuɗanya da 'yan jam'iyyar Leba, ya ga yadda ake tafiyar da ƙungiya, a can kuma ya tsara kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa. Abin da ya koya a wajen aji bai gaza abin da ya koya a cikinsa ba.

Abin da za a duba kafin shiga

Wani zai ce, me zai kai ɗan Musulmi gidan da ake sayar da giya, gidan da aka hana kakanninsa shiga? Tambaya ce mai nauyi, ba ma kuwa raina ta. Amsarmu ita ce kulob iri-iri ne, kuma mutum yana da ikon zaɓe.

Da farko a dubi abin da ya tara mutanen. Idan wasa ne, ƙwallon ƙafa ko guje-guje ko iyo ko tanis ko hawan doki, to akwai wurin tsayawarka. Idan kuwa kwalba ce da caca suka tara su, wasan suna ne kawai, ka yi musu sallama. Mafi sauƙi ga ɗalibi su ne ƙungiyoyin wasanni na jami'arsa da na unguwar da yake zaune, waɗanda kuɗinsu kaɗan ne, ba su kuma bukatar mai gabatarwa. Manyan kulob masu tsada na jakadu da shugabannin kamfanoni ba na mai cin kuɗin tallafin karatu ba ne.

Sa'an nan a karanta dokokin kulob tun kafin a sa hannu. Kuɗin shiga daban, kuɗin wata ko na shekara daban, wasu kuma suna wajabta wa mutum ya kashe wani abu a ɗakin cin abinci ko ya ci ko bai ci ba. A tambaya ko akwai rangwame ga ɗalibai ko ga mai zaman wucin gadi, a kuma san yadda ake fita, domin akwai yarjejeniyar da kan ɗaure mutum shekara guda ko ya daina zuwa. Kuɗin da iyaye suka sayar da riɗi ko ɗan maraƙi suka aiko bai kamata ya tafi a biyan katin da ba a amfani da shi ba.

Abu na gaba shi ne bayyana kai tun ranar farko. Ka ce ba ka shan giya, ba ka cin naman alade, kana tashi salla in lokaci ya yi, ka faɗa da sakin fuska, sau ɗaya ya isa. Yawancin mutane suna girmama wanda ya san kansa. Wanda ke shan wahala shi ne mai ɓoye-ɓoye, wanda ya karɓi kofi yau don kunya, gobe kuma ba shi da bakin ƙi. Karin maganar nan da ke cewa in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi taka, tana nufin gaisuwa da tufafi da kiyaye lokaci, ba ta kai ga aƙida ba. 'Yan'uwanmu mata kuma su tambayi ko akwai lokaci ko sashe na mata, wurare da yawa suna da shi, su kuma nemi abokiyar tafiya.

Na ƙarshe, ka yi wa kulob hidima. Ka zo a kan lokaci, ka ɗauki raga bayan an tashi wasa, ka karɓi aikin rubuta sakamako ko riƙon asusu in an ba ka. A irin waɗannan ƙananan ayyuka ne mutum ke koyon yadda ake kiran taro, da rubuta abin da aka zartar, da bayar da lissafin kuɗin jama'a har kwabo. Wannan ilmi ne da ƙungiyoyinmu na gida suke matuƙar bukata. Ranar salla kuma ka gayyaci abokan wasanka, ka dafa musu abin da ka iya, domin zo mu ci tuwo ya fi tuwo daɗi.

Baƙin da ke cikinmu

Ba za mu rufe ba sai mun juyo da madubin gida. Makarantun ƙasar Gumel sun ga malamai daga Indiya da Pakistan da Gana, musamman bayan an soma shirin ilmin firamare na kowa da kowa a 1976, tun 1973 kuma ake turo mana masu yi wa ƙasa hidima daga Kudu. Har yau akwai su a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Mu ba mu da kulob mai ƙofa da mai gadi, majalisa muke da ita a gindin bishiya ko a bakin shago, da filin ƙwallo a bayan gari. Amma majalisa ma tana iya jefa wa mutum baƙar ƙuri'a ba tare da akwati ba, in ya yi sallama aka amsa aka ci gaba da hira ba a matsa masa a tabarma ba. Waɗanda ba za su tafi ko'ina ba a cikinmu, ga nasu aikin: su zama fatoman wani baƙo, su kai shi fili, su kai shi kallon hawa, su koya masa dara.

Masu tafiya kuma, muna jiran ku komo da takardunku, da harshen mutanen da kuka zauna da su, da sunayen abokai waɗanda za ku iya rubuta wa wasiƙa bayan shekara ashirin su amsa. Allah ya kai ku lafiya, ya tsare muku imaninku da mutuncinku, ya haɗa ku da fatoma na gari, ya komo mana da ku lafiya.